Ba tagullar waje ce ke riƙe da ginin Seagram ba

Na gaji da jin ana cewa sandunan tagullar da ke jikin ginin Seagram na birnin New York su ne ke ɗauke da nauyinsa. Mai faɗa bai yi laifi ba, haka ido ke gani: sun miƙe sambal a jikin bene mai hawa 38.

Ainihin ginshiƙan na ƙarfe ne, kuma suna ciki. Dokar kariya daga gobara ta wajabta a lulluɓe su, shi ya sa aka binne su cikin kankare, domin ƙarfe kan yi laushi in wuta ta tsananta. Mies van der Rohe, wanda ya zana wannan gini da aka kammala a 1958 a matsayin hedikwatar kamfanin Seagram, bai so siffar ƙarfen ta ɓace wa ido ba, sai ya manna na tagulla a waje. Da za a kwance su, tagogi ne za su ji a jikinsu, benen kuwa yana nan daram.