Karrama jagororin noma ba gasar girman gona ba ce

Duk lokacin da aka ce za a karrama waɗanda suka ɗaga harkar noma a wani yanki, sai ka ji ana cewa ai na masu manyan gonaki ne, wanda ya fi tara buhuna shi zai karɓi lambar yabo. Maganar tana damuna, ko da yake na san inda ta samo asali: manyan manoma ake yawan gani a gaba wurin taro.

Sai dai abin da ake dubawa shi ne canjin da mutum ya kawo a gonakin wasu. Yana iya zama mai binciken iri, ko malamin gona, ko wanda ya haɗa kan manoma suka samu ruwan noman rani da kasuwa.

Dubi Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha, wanda ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, kyautar da masanin noma ɗan Amurka Norman Borlaug ya kafa a 1986. Aikinsa a kan dawa ne. Ya samar da iri mai jure fari, daga baya kuma mai jure wuta-wuta, ciyawar nan da ke manne wa saiwar dawa tana tsotse ta tun kafin ta leƙo saman ƙasa. Manomi zai yi noma, ya zuba taki, amma karan ya tsumbure. Ƙananan manoma a Sudan da Habasha su ne suka shuka irin nasa, kuma amfanin da suka girbe ne ya jawo masa kyautar.