Herodotus, mutumin da ya rubuta har abin da bai yarda da shi ba

Raina yana sosuwa idan na ji ana kiran Herodotus, marubucin tarihin nan na tsohuwar Girka, maƙaryaci. An haife shi a Halikarnasus, garin da yau ake kira Bodrum a Turkiyya, wajen shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya taso ya tarar Girkawa suna riƙe da tarihinsu a waƙoƙin jarumai da salsalar dangi da ake jingina wa gumakansu. Wani marubuci Bagirke, Hekatayus na garin Miletus, ya riga shi cewa labaran nan sun yi yawa kuma abin dariya ne, amma Herodotus ne ya fi zurfafa tambaya. Don ya gano abin da ya haddasa yaƙin Girkawa da Farisa, ya taka har Masar, ya bi kogin Nilu zuwa kusa da Aswan yana sauraron mutane. Sunan da ya ba aikinsa, historiya, ma'anarsa bincike.

Ku dubi wannan. An ba shi labarin wasu matuƙan jirgin ruwa 'yan Finikiya (gaɓar tekun Labanon a yau) da Fir'auna Neko ya aika su zagaya Afirka. Suka tashi daga Bahar Maliya, suna sauka su yi shuka, su jira girbi, su ci gaba, sai a shekara ta uku suka dawo Masar. Suka ce a hanya sun ga rana tana hannunsu na dama. Herodotus ya ce shi kam bai gaskata ba, wani na iya gaskatawa. Duk da haka ya rubuta. To wanda ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka yana fuskantar yamma, wallahi a damansa zai ga rana, ta arewa. Abin da ya yi shakka a kai shi ne yau hujja mafi ƙarfi cewa tafiyar ta auku.

Na san ya yi zuƙu a wasu wurare, kamar da ya ce sojan ƙasa na Sarki Zaksis na Farisa sun kai 1,700,000. Kuma na san Tusididis, marubucin tarihi Bagirke da ya biyo bayansa, ya fi shi tsantseni. Sai dai Tusididis yakan tace labari shi kaɗai ya miƙo maka hukuncinsa. Herodotus kuwa yakan ce wannan na gani da idona, wannan Masarawa suka faɗa mini, Farisawa kuma ga nasu zancen. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda ake bin isnadi zai gane abin da ya sa na fi natsuwa da shi.