Fallout 76: ku daina ce wa yara su biya ko su yi shiru

Abin da aka yi wa yaron nan a guruf daren jiya ya ɓata mini rai, kuma waɗanda suka yi sun san kansu. Yaro sabon shiga wasan bidiyo na Fallout 76 ya zo ya ce akwatin ajiyarsa ya cika, ya rasa abin da zai zubar da abin da zai bari, yana neman shawarar yayyensa. Maimakon a nuna masa hanya sai aka yi masa taron dangi, wai ya yanki Fallout 1st, wato rajistar wasan ta masu biyan kuɗi duk wata, ko ya koma buga ƙwallo a waya. Har da mai cewa wanda ba shi da dala 13 a wata me ya kawo shi wasan manya. Haba jama'a! Yaron nan gaskiya ya faɗa. Akwatin ya yi kaɗan, kuma da gangan aka bar shi a haka domin a sayar maka da mafita.

Duk wanda ya taɓa wasan nan ya san yadda yake. Ka fito daga Vault 76, wata maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa, a shekarar 2102, shekara 25 bayan yaƙin nukiliya ya ƙone duniya, an ce ka je ka sake gina West Virginia. Da me za ka gina? Da tarkace. Rabin wasan nan sana'ar 'yan gwangwan ce: ka shiga kangon ofis ka kwashe fanka da tafireta saboda sukurun da ke ciki, ka bi ɗakunan motsa jiki kana ɗaukar ƙarafan ɗagawa saboda dalmar yin harsashi, ka ga salatif a kan tebur gabanka ya faɗi don murna, don ka san ba shi ba gyaran bindiga. Wasan ne da kansa ya koya maka kada ka wuce komai. To ka kwaso, ka dawo sansaninka da kyar, kaya sun yi maka nauyi, ba ka iya gudu, ba ka iya tsallakawa ta taswira, kana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ka buɗe akwati ka tarar an rubuta 1200 cikin 1200, wato nauyin kayan ya kai iyaka. Nan za ka tsaya kana lissafi, alminiyom zan zubar ko bindigar da na sha wuya kafin na samu?

Wasan da ya ce ka tara, shi ne kuma ya hana ka wurin ajiya. Sannan ya nuna maka wani akwati a gefe wanda ba ya cika har abada, ya ce wannan na masu biyan dala 12.99 ne a wata, ko 99.99 a shekara. Wannan shi ne abin da nake ƙi, kuma shi zan ci gaba da faɗa.

Ku tuna yadda aka faro. Da wasan ya fito a Nuwamban 2018 iyakar akwatin 400 ce kacal. Mutane suka yi ca, Bethesda, mai wasan, ta ce dalilin fasaha ne, wai idan kaya suka yi yawa na'urorinsu za su wahala. Aka ɗaga zuwa 600, aka kai 800, sai can a 2021 aka kai 1200. Mun yarda, mun ce ai su suka san kayansu. Sai ga shi a Oktoban 2019 an fito da Fallout 1st ɗauke da akwatin tarkace marar iyaka. Ashe wurin yana nan, kuɗinsa ne ba a sa ba tukuna. Na san masana za su ce tarkace lamba ce kawai ake ƙirgawa, ba ta da nauyi a kan na'ura kamar bindigogi masu siffa daban-daban. To madalla, wannan hujjata ce ba taku ba. Idan ba ya cin komai, me ya hana a ba kowa? Daga baya ma suka ƙara akwatin harsasai, shi ma na masu biya. Ranar da kuɗinka ya ƙare kuma, kana iya ɗiba daga ciki amma ba ka iya zubawa.

Masu cewa "ai ba dole ba ne", na ji ku. Ba dole ba ne kamar yadda ba dole ne ka buga wasan ba gaba ɗaya. Amma ku gaya mini gaskiya tsakaninku da Allah, cikinku wa ya yanki Fallout 1st saboda kayan ado ko saboda duniyar kansa shi kaɗai? Akwatin nan kuka saya, da tantin da ake kafawa ko'ina. Kun san haka. Masu cewa kamfani sai ya ci abinci, ai ba a hana shi ba. Wasan ba kyauta aka ba mu ba, saya muka yi, ko muna biyan Game Pass, rajistar wasanni ta Microsoft. Ga shagon cikin wasan nan, inda ake sayayya da kuɗinsu mai suna Atom, cike da fenti da riguna da kayan ƙawata gida, mai so ya saya, ban taɓa cewa uffan a kan wannan ba. Kuma Microsoft da ta sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan dala biliyan 7.5 a 2021 ba ta jiran dala 13 ɗin ɗalibin da ke Kano kafin ta kunna injinanta. Sayar da kwalliya daban, sayar da maganin ciwon da kai ka haddasa daban.

Kuma kada wani ya ɗauka ƙin wasan nake yi. Wallahi ina son wasan nan, shi ya sa abin yake ci mini rai. Na san inda ya fito. Ya fito babu mutum ko ɗaya da za ka yi magana da shi sai mutum-mutumi da kaset ɗin matattu, ga kurakurai ko ta ina. Waɗanda suka biya dala 200 don bugu na musamman aka yi musu alkawarin jakar kanbas aka aiko musu ta leda, sannan aka ce a ba su Atom 500 su yi haƙuri. Duniya ta yi masa dariya, kuma ya cancanta. Amma an gyara, wannan ba a musu. Sabuntawar Wastelanders ta zo a Afrilun 2020 ta dawo da mutane da hira da zaɓi, aka ƙara Pittsburgh da Atlantic City, aka faɗaɗa taswira ta kudu da Skyline Valley a 2024, a 2025 har aka ba ka damar zama gawul, wato mutumin da gubar nukiliya ta sauya wa halitta, da kanka. Duk waɗannan ba a karɓi ko sisi a kansu ba. Taswirar kuwa, a ganina, ba a taɓa yin kamarta a duk jerin Fallout ba. Ka taso daga dajin da ganyensa ya yi ja da rawaya, ka gangara Ash Heap inda hayaƙin ma'adinai ya rufe sama, ka ɓulla Cranberry Bog inda ƙasa ta yi jajir. Kowane yanki da irin tsoronsa.

Amma abin da ya riƙe wasan nan a lokacin da kowa ya gudu ba taswira ba ce, ba kuma kamfani ba. Mutane ne. An gina wasa inda za ka iya harba makamin nukiliya a kan gidan wani, kowa ya zata za a yi ta cin zali, sai aka samu akasin haka. Ka fito daga Vault da 'yar rigarka shuɗiya, ba ka da komai, sai ka ga wani ƙato cikin sulken ƙarfe ya nufo ka. Ka fara gudu, shi kuma yana binka yana ɗaga maka hannu, ashe jaka yake so ya ajiye maka: allurar magani, ruwa mai tsabta, harsasai, bindiga daidai matakinka. Bai san ka ba, ba ya jin yarenka, ba zai sake ganinka ba. Ya yi maka alamar zuciya ya ɓace. Al'adar ta yi ƙarfi har kamfanin ya sa akwatunan sadaka a tashoshin jirgin ƙasa da bakin Vault. Mutum 24 ne kawai suke haɗuwa a duniyar wasan a lokaci guda, amma idan aka harba bam aka taso ƙatuwar dodanniyar nan Scorchbeast Queen za ka ga an hallara, manya suna ɗaga ƙananan da suka faɗi, ba mai tambayar wa ya biya wa bai biya ba.

To wannan ita ce tarbiyyar wasan, ita muka tarar, da ita aka karɓe mu. Yanzu a ce mu ne, 'yan uwansa da muke yare ɗaya, za mu kori yaro saboda ba shi da dala? Bature a wata ƙasa ya ba shi magani kyauta, ɗan unguwarsu ya ce masa matsiyaci? Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Kamfani ya sa kuɗi a kan akwati ya yi shiru abinsa, ku kuma kun zama masu tsaron ƙofa ba albashi.

Ku lissafa dala 12.99 da canjin yau mana. Ku haɗa da kuɗin datar sauke wasan da ke cin gigabait masu yawa, da sabuntawar da ke zuwa kowane 'yan watanni, da man janareta, tunda wasan nan ba ya buɗuwa sai da intanet ko da kai kaɗai kake son yawo. Sabis ya ɗan girgiza an watso ka waje ana tsakiyar yaƙi. Wanda ya jure duk wannan ya shigo, ai ya riga ya nuna yana so. Shawara yake buƙata.

Ƙanena, idan kana karantawa, ga abin da ya kamata a gaya maka jiya. Kada ka ajiye kaya yadda ka tsinto su, ka farfasa su a teburin aiki tukuna, nauyinsu zai ragu sosai. Ka duba ɓangaren harsasai, makamai masu linzami da ƙananan bama-baman nukiliyar da ba ka harbawa su ne suke cinye maka wuri a ɓoye. Ƙarfe da katako ba sa ƙarewa a duniyar nan, kada ka tara su. Sukuru da salatif da dalma su ne abin riƙewa. Ka sayar wa 'yan kasuwar tasha abin da ya yi saura, suna da marafan kwalba (kuɗin cikin wasan) 1400 a kowace rana, ka kwashe su. Ana iya buga wasan nan har ƙarshe ba tare da Fallout 1st ba, mutane da yawa suna yi. Wahala ce dai aka ɗora maka wadda bai kamata a ɗora ba, kuma kana da haƙƙin ka faɗa.

Af, tunda wani ya tambaya a kan Whitespring, otal ɗin nan na cikin wasan, kwanaki, ko ƙirƙira ce: ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya. An kwaikwayi wani otal ne na gaske a West Virginia mai suna Greenbrier, kuma da gaske gwamnatin Amurka ta haƙa maɓoya a ƙarƙashinsa lokacin yaƙin cacar baka, domin 'yan majalisa su shige idan Rasha ta jefo bam. Shekara kusan 30 ana ɓoye maganar, sai a 1992 jaridar Washington Post ta tona. Yanzu masu yawon buɗe ido ake zagayawa da su ciki. Haka bikin Fasnacht da muke layin neman abin rufe fuska a cikin wasan, mutanen ƙauyen Helvetia, jikokin 'yan Suwizalan, suna yin sa duk shekara kafin azumin Kirista. Wanda ya je Amurka cikinku don Allah ya leƙa ya ɗauko mana hoto.