Han Kuo-yu: Kaohsiung ta kore shi, jam'iyya ta dawo da shi kakakin majalisa

Duk sanda aka tayar da maganar kiranye a Najeriya, sai ka ji ana cewa ai abin a takarda kawai yake. To akwai inda aka yi shi a aikace, kuma ba ƙaramin kansila aka yi wa ba. Ranar 6 ga Yuni 2020 mutanen Kaohsiung, babban birnin kudancin Taiwan, suka fito suka sauke magajin garinsu Han Kuo-yu da ƙuri'a 939,090. Shekara ɗaya da rabi kafin nan ƙuri'a 892,545 ne suka ɗora shi. Waɗanda suka kore shi sun fi waɗanda suka kawo shi yawa ke nan. Ni a ganina sun yi daidai, ko da yake akwai abubuwan da suka biyo baya da ba su kwanta mini ba.

Kada kalmar magajin gari ta ruɗe ku. Kaohsiung na cikin manyan birane shida da ke ƙarƙashin gwamnatin tsakiya kai tsaye, mutanenta sun haura miliyan 2.7, kuma nan ne tashar jiragen ruwa mafi girma a tsibirin take. Mai riƙe da wannan kujera gwamna ne a lissafinmu.

An haifi Han a 1957, iyayensa daga babban yankin Sin suka ƙauro. Ya yi aikin soja, ya zama kansila a gundumar Taipei a 1990, ya shiga majalisar dokoki ta ƙasa a 1993 a jam'iyyar KMT, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu na Taiwan, ya zauna har 2002. Abin da aka fi tuna shi da shi a waɗannan shekarun ba doka ba ce. A 1993 ya kai wa wani ɗan majalisar adawa duka har aka kwantar da shi asibiti kwana uku. Wanda ya daka ɗin shi ne Chen Shui-bian, wanda ya zama shugaban ƙasa a shekarar 2000. Bayan Han ya bar majalisa sai aka daina jin ɗuriyarsa sama da shekara goma, har a 2013 aka ba shi shugabancin kamfanin da ke kula da kasuwannin sarin kayan gwari da 'ya'yan itace na Taipei.

Ina ganin a wannan kasuwa aka sake haifar ɗan siyasar. Wuri ne da motoci ke sauke kayan manoma cikin dare, a yi gwanjonsu tun kafin asuba, kuma wanda ya yi shekara huɗu tsakanin dillalai da manoma dole bakinsa ya canja. Ya fito yana magana irin ta mutanen kasuwa, gajera, da barkwanci, yana kiran kansa mai sayar da kayan gwari, yana tsokanar sanƙonsa da kansa. A 2017 ya nemi shugabancin KMT ya zo na huɗu, bai samu ko kashi 6 cikin 100 ba. Sai jam'iyya ta tura shi ya riƙe reshenta na Kaohsiung, wurin da manyanta ba su kwaɗayi, domin tun 1998 jam'iyyar DPP, babbar abokiyar hamayyar KMT, ke riƙe da birnin.

Abin da ya yi a 2018 sai a sara masa. Ya tsaya a gaban mutanen birnin ya ce garinsu ya tsufa kuma ya talauce, 'ya'yansu sun tsere arewa neman aiki. Maganar ta ɓata wa wasu rai, amma ta taɓa iyaye da yawa, saboda kowa ya san ɗan wane da ke Taipei ba ya dawowa sai lokacin bikin sabuwar shekara. Takensa kuwa ko yaro ya haddace: kaya su fita, mutane su shigo, Kaohsiung ta yi arziki. Ya yi alkawura har da na ban dariya. Zai kawo Disneyland, zai kafa ƙaton lilo a bakin kogin da ya ratsa gari, zai kai yawan jama'ar birnin miliyan 5. Mutane sun san da wuya, amma sun gaji da shekara 20 na jam'iyya ɗaya. Ranar 24 ga Nuwamba ya kayar da Chen Chi-mai na DPP da kusan kashi 54 cikin 100, kuma guguwarsa ta ja wa KMT kujeru a wasu garuruwan.

Ya kama aiki ranar 25 ga Disamba 2018. Don adalci, ba a ce bai taɓuka komai ba. Gwamnatinsa ta gyara tituna, ta yashe magudanan ruwa, kuma ya yi ta yawon nema wa manoma da masunta kasuwa a waje. Amma tun da wuri aka fara ganin giɓi. A watan Mayu 2019 wata matashiyar kansila, Huang Jie, ta tambaye shi a zauren majalisar birni ya yi bayanin yankin ciniki na musamman da yake cewa zai kafa. Wane irin kaya, wace doka, ta ina za a fara? Duk tambayar da ta jefa, amsar ɗaya ce, Kaohsiung za ta yi arziki. Da ta gaji sai ta juya ƙwayar idonta sama don takaici, kyamara ta kama, washegari duk Taiwan ta gani. Da zazzaɓin dengue ya ɓarke a birnin a wannan damina, hoton da ya zagaya shi ne na magajin gari a kan bishiya yana leƙa kogo wai yana duba inda sauro ke ƙyanƙyasa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya shi shi ne hangen kujerar sama. Ya sha faɗa cewa zaɓen shugaban ƙasa na 2020 ba ya cikin lissafinsa. Bai cika wata bakwai a ofis ba ya shiga zaɓen fitar da gwani na KMT, ya doke attajiri Terry Gou mai kamfanin Foxconn a watan Yuli, a Oktoba kuma ya ɗauki hutun wata uku ya bar wa mataimakinsa gari ya tafi yaƙin neman zaɓe. Sai kuma lokaci ya juya masa baya. Tun a watan Maris 2019 ya ziyarci Hong Kong har ya shiga ofishin wakilcin gwamnatin Beijing da ke can, abin da ya tayar da ƙura a gida. Wata uku bayan haka zanga-zangar Hong Kong ta ɓarke, matasan Taiwan suna kallo a wayoyinsu kullum. Han ya fito ya ce tsarin ƙasa ɗaya mai tsari biyu, wanda Beijing ke mulkin Hong Kong da shi take kuma son Taiwan ta karɓa, sai dai a bi ta kan gawarsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 11 ga Janairu 2020 shugabar ƙasa mai ci a lokacin, Tsai Ing-wen ta DPP, ta samu ƙuri'a sama da miliyan 8.1, shi kuma miliyan 5.5. A Kaohsiung kanta kimanin 610,000 ya samu. Ya dawo gida ya tarar ana jiran sa da takardar kiranye. Ba tsuntsu ba tarko.

Ga yadda dokarsu take tun gyaran 2016, kuma nan ne ya kamata mu buɗe ido. Ba a yi wa zaɓaɓɓe kiranye sai ya cika shekara guda. Daga nan kashi 1 cikin 100 na masu zaɓe su sa hannu a buɗe magana, sai kashi 10 su sa hannu a zagaye na biyu, sannan a je akwati. A akwatin dole masu cewa ya tafi su fi masu cewa ya zauna, kuma su kai kashi 25 cikin 100 na dukkan masu zaɓen yankin. A Kaohsiung wannan ya kama 574,996. Ƙungiyoyin sa kai suka kafa tebura a bakin titi da kasuwanni, shekara na cika suka miƙa takarda. Han ya nemi kotu ta dakatar, ta ƙi. Sai ya ce wa magoya bayansa kada su fita, da fatan adadin ba zai cika ba, shi ya sa masu cewa ya zauna 25,051 kacal ne. Da sakamako ya fito ya karɓa, ya tattara ya tafi. Wannan kam na yaba masa. A watan Agusta Chen Chi-mai, wanda ya kayar a baya, ya ci zaɓen cike gurbi da kashi 70 cikin 100.

Masoyansa suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, DPP mai mulki ta sa hannu, ba talakawa zalla suka yi aikin ba. Haka ne, ta sa hannu. Amma jam'iyya ba ta iya ɗauko mutum dubu ɗari tara daga gidajensu ranar Asabar in ba su da abin da ke cin su. Ta biyu, ai ba shi kaɗai ya taɓa barin kujera don ta sama ba. Lai Ching-te, shugaban ƙasa tun 2024, ya bar magajin garin Tainan a 2017 ya zama firaminista wa'adinsa bai ƙare ba. Hou Yu-ih, magajin garin New Taipei, ya sake cin zaɓe a ƙarshen 2022, ya ɗauki hutu ya nemi shugabancin ƙasa, ya faɗi, ya koma kujerarsa lafiya lau. Me ya sa sai Han? Saboda Lai ya yi kusan shekara bakwai a Tainan, Hou kuma ya gama wa'adi guda cur an ga aikinsa. Han ya zo wa mutanen da ba 'yan jam'iyyarsa ba ne, ya roƙe su su gwada shi, suka bar gidansu na shekara 20 suka bi shi, kafin su ga ko abu ɗaya daga cikin manyan alkawuran sai suka ga ƙeyarsa. Wanda ya yi maka haka ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Inda abin ya fara damuna shi ne bayan nan. Da aka ga wuƙar tana yanka, kowa ya zaro tasa. Aka shiga kiranyen ramuwa. A 2021 an sauke kansila Wang Hao-yu a Taoyuan da ɗan majalisa Chen Po-wei a Taichung, dukansu masu sukar Han ne. Ita ma Huang Jie an kai ta akwati, ta tsira, daga baya ma ta ci kujerar majalisar ƙasa. Sai 2025, lokacin da ƙungiyoyin da DPP ke mara wa baya suka kai 'yan majalisar KMT 31 akwati a watannin Yuli da Agusta, da nufin juya rinjayen majalisa. Ko ɗaya bai faɗi ba. Ni wannan sakamakon bai ba ni mamaki ba, ya ma ƙara mini yarda da na 2020. Masu zaɓe sun bambance tsakanin mutumin da ya bar musu aiki ya tafi, da mutanen da laifinsu shi ne suna jam'iyyar da wasu ba sa so, alhali shekara ɗaya da rabi kafin nan aka zaɓe su a kan wannan matsayin nasu.

Shi kuwa gogan, yana kan kujerar kakaki duk wannan hayaniya ta 2025, babu mai iya taɓa shi. Majalisar Taiwan kujeru 113 ce, 34 daga ciki ba na mazaɓa ba ne, ana raba su ne bisa ƙuri'ar da kowace jam'iyya ta samu, daga jerin sunayen da ta miƙa. A zaɓen Janairu 2024 KMT ta sa Han na ɗaya a jerinta, wato kujera tabbas. KMT ta samu 52, DPP 51, ƙaramar jam'iyyar TPP 8, 'yan ba-ruwanmu 2. Ranar 1 ga Fabrairu aka zaɓe shi kakaki da ƙuri'a 54 a kan 51, bayan TPP ta ƙaurace wa zagaye na biyu. Kuma doka ba ta yarda a yi wa ɗan majalisar jerin jam'iyya kiranye ba, tunda ba shi da mazaɓa. Ba zan ce haramun ya ci ba. An hana shi kujerar Kaohsiung ne, ba a hana shi siyasa ba, kuma mutum miliyan 5.5 da suka zaɓe shi a 2020 su ma 'yan ƙasa ne. Wataƙila ma aikin kakaki, na zama da mutane da sanyaya zance, ya fi dacewa da shi a kan na bin fayil da kasafin kuɗi. Sai dai a ce mutumin da ya taɓa kwantar da abokin aikinsa a asibiti shi ne ke raba faɗa lokacin da aka ba hammata iska a zauren a watan Mayu 2024, wannan kam siyasa ta iya wasa.

Yanzu mu dubi namu. Sashe na 69 na tsarin mulkin Najeriya ya ce kafin a yi wa sanata ko ɗan majalisar wakilai kiranye, sai sama da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Rabin masu rajista, a ƙasar da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 bai fito da ko kashi 30 cikin 100 ba. An gwada a kan Dino Melaye, da aka zo tantancewa a 2018 kimanin kashi 5 aka samu. An gwada a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, INEC ta ce sa hannun bai kai rabi ba. Gwamna kuwa babu ma hanyar da talaka zai taɓa shi, sai tsigewar majalisar jiha, kuma kowa ya san a aljihun wa yawancin waɗannan majalisun suke.

Da za a tambaye ni a gyaran tsarin mulki, zan ce a sauko da adadin sa hannu zuwa abin da mutum zai iya tarawa, a bar nauyin a ranar akwati, kuma a sa gwamnoni a ciki. Na san abin da za ku ce, mai kuɗi zai sayi sa hannu ya hana abokin gabansa sakat. Zai gwada, shi ya sa sharaɗin cika shekara guda yake da amfani. Kuma a Taiwan idan aka kai mutum akwati ya tsira, ba a sake kawo masa takardar kiranye har wa'adinsa ya ƙare. Wannan ma a haɗa da shi.