Ruwan da ya rushe ɗakin Gwaggo a Agusta, shi muke saye a jarka a Afrilu

Jama'ar Damagaram, ku yi mani haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo. Maganar ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ba wanda ya manta da damanar 2024 a garin nan. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan da aka yi ta shatatawa. A Nijar baki ɗaya, alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 suka rasu, abin kuma ya shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, domin wasu azuzuwan sun faɗi, wasu kuma sun cika da mutanen da ba su da wurin kwana.

A damanar ce ɗakin gwaggona ya faɗi. Cikin dare ta ji ƙasa tana zubo wa kwanonin jerenta, tas-tas, kamar ana watsa tsakuwa. Ta tashi jikokinta biyu, ta ja su zuwa zauren maƙwabta, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Kafin asuba bangon gabas ya kwanta kan gadon da suka bari. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Bayan kwanaki aka zo aka rubuta sunaye, daga baya aka ba ta buhun shinkafa, tabarma, bargo, gidan sauro da bokiti. Ban raina wannan ba. Wanda bai taɓa kwana a waje cikin damana ba bai san darajar bargo ba.

Da kaka ta yi, ƴaƴanta suka haɗa kuɗi aka sake ginin. Wuri ɗaya, tushe ɗaya, tsayin dandamali ɗaya. Ƙasar ma daga kududdufin bayan gida aka haƙo ta, wato ramin da ya cika ya jiƙa bangon da damana, shi aka ƙara wa zurfi ana matso da shi. Na ce, "Gwaggo, ai da an ɗaga ɗakin nan ko da taku ɗaya ne, a sa dutse a gindi." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, da wane kuɗi? Waɗanda suka ba ni shinkafa ba su tambaye ni tushe ba."

Wannan amsa ta gwaggo ita ce duk abin da nake son faɗa. Muna da ma'aikata iri biyu da ke hidima da ruwan sama ɗaya, amma kowa da kakarsa. Masu agaji suna zuwa bayan bango ya faɗi. Masu maganar sauyin yanayi kuma suna zuwa da rani, su yi taron bita a ɗaki mai sanyi, a raba kuɗin zama, ranar 3 ga Agusta a dasa itatuwa a ɗauki hoto. Tsakanin waɗannan biyu akwai watanni uku, Afrilu, Mayu da Yuni, lokacin da ya kamata a yashe magudanu, a yi yaɓe, a duba wane gida ne ke kan hanyar ruwa. Watannin nan marayu ne, ba su da mai su.

Rabuwar ma daga sama ta faro. A shekarar 2015 duniya ta sa hannu kan takardu biyu: a watan Maris, a birnin Sendai na Japan, aka amince da tsarin rage haɗarin bala'o'i na shekara 15, sannan a Disamba aka yi yarjejeniyar Paris kan yanayi. Takarda biyu, jaka biyu, rahoto biyu. Nan gida ma haka abin ya sauko: batun muhalli da yanayi yana da majalisarsa tun 1996, matsalar ƙarancin abinci tana da nata tsarin, agajin gaggawa da bala'o'i kuma aka ba su ma'aikatar minista a 2016. Kowanne yana da amfaninsa, ba na cewa a rushe ko ɗaya. Amma hadarin da ke tasowa daga gabas bai san da wannan rabon ba.

Kuma hadarin ya canja, wannan ba zancen tsofaffi ba ne kaɗai. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa mai ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, Sahara tana ƙara zafi, bambancin zafi tsakaninta da ƙasashen kudu yana ƙaruwa, wannan kuma shi ke ba hadari ƙarfi. A aikace me ke nan? Damagaram na samun ruwan da bai wuce milimita 400 da wani abu ba a shekara, amma yanzu babban kaso na iya sauka cikin ƴan sa'o'i, sannan a yi sati biyu ko uku gero na naɗe ganye. Ambaliya da fari a damana ɗaya, wani lokaci a gona ɗaya. Ga shi garinmu a kan dutse yake zaune, ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, sai ya bi gangare ya nemi kwari. Faɗin indararo, kaurin rufin soro, zurfin magudana, duk an auna su ne da ruwan zamanin kakanni. Wanda ya sake gina ɗakin gwaggo da wancan ma'aunin, ya gina mata abin da zai sake faɗuwa ne da kuɗin ƴaƴanta.

Na zauna da wani tsohon magini a Birni, mutumin da hannunsa ya yi kanta da aikin ƙasa. Na ce, "Baba, wai ginin ƙasa ne ya daina yi?" Ya yi dariya. Ya ce a da kowace shekara kafin ruwan fari sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara bakin indararo, an sake yaɓe, masu hali su sa makuba. Yanzu mutum zai shafe bangon ƙasa da siminti ya ce ya huta. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa fes. Ranar da zai tafi, gaba ɗaya yake tafiya. Ya kama hannuna ya kai gindin wani bango, ya ce in danna. Yatsana ya nutse kamar cikin tuwon jiya. Ya ce, "Ka gani, yaro? Bango daga ƙafa yake mutuwa. Garin da dutse ya yi wa yawa har muna kuka da shi, amma muna kafa tubali kan ƙasa tsirara."

To, in aka taimaka wa talaka ya sa jeren dutse a gindin ɗaki, ya ɗaga dandamali, ya faɗaɗa indararo, wannan aikin na wane ofishi ne? Mai agaji zai ce ba gaggawa ba ne. Mai sauyin yanayi zai ce ba ya cikin takardar aikinsa. Alhali shi ne aikin dukansu biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne batun ruwan sha. Duk ɗan Damagaram ya san Afrilu: famfo ya yi shiru, jarkoki a jere tun tsakar dare, ƴan garuwa sun zama sarakuna. Ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Tarihi ma ya nuna ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Wata huɗu bayan wannan wahalar, sai ga ruwa har gwiwa cikin ɗaki, muna roƙon Allah ya janye shi. Tabkunan da a da ke karɓar wannan ruwa, wasu mun cike su da shara, wasu an yanka su filaye an sayar, mai saye ya zuba ƙasa ya yi gini, ruwan kuma ya koma gidan maƙwabcin da ya fi shi talauci. Tabkin da aka yashe aka ƙara wa zurfi, aka buɗe masa hanyoyin shiga, yana rage ambaliya a Agusta, yana shayar da dabbobi da lambuna har cikin rani. Na san tabki yana da nasa sharrin, yara na nutsewa, sauro na hayayyafa. Shi ya sa aikin ke bukatar shinge da mai kula, da ma'aikatan lafiya a teburi ɗaya da masu haƙa. Wannan ma hujja ce ta haɗa aikin wuri guda.

Manoma sun riga mu gane wannan, ba tare da taron bita ba. Bayan yunwar 1984, mutanen karkara a jihohin Maradi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi masu aski, abin da ake kira sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya ya ga gawo cikin gonaki ya san ba labari ba ne. Gawon nan yana zubar da ganye da damana ya ba gero taki da rana, yana kare shuka daga iska mai binne ta da rairayi, da rani ƴaƴansa abincin dabbobi ne, in shekara ta ƙi kuma akwai reshen da za a sayar a auno hatsi. Ka tambayi manomin ko wannan sabawa da sauyin yanayi ne ko rigakafin bala'i, zai ɗauka ba'a kake masa. Haka ramukan tare ruwa, wato rabin wata da tassa, da jeren duwatsu a kan fako: ruwan da suka tsare a tudu, shi ne wanda bai zo ya ci gari a kwari ba.

Hasashe ma muna da shi. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin, tana fitar da hasashen damana kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Na 2024 ya faɗa ƙarara cewa ruwa zai fi yadda aka saba a yawancin Sahel, kuma akwai haɗarin ambaliya. An faɗa. Sai dai hasashen da bai buɗe bakin jakar kuɗi ba, bai kuma fito da shebur ko ɗaya ba, labari ne kawai. Abin da nake so in gani shi ne ƙa'ida rubutacciya a kowace ma'aikatar magajin gari: ranar da hasashe ya ce damana mai ruwa ce, wani kaso na kuɗin agaji ya fita nan take, a ɗauki matasan unguwa aikin yasar magudanu, a ajiye buhunan rairayi, a sanar da makarantar ko filin da kowace unguwa za ta nufa. A faɗe shi da Hausa da Barbarci da Fulatanci a gidajen rediyo, a faɗe shi a masallatai bayan sallar Juma'a. Masu unguwanni sun san gidan da ruwa ke shiga kowace shekara, sun san tsohuwar da ba ta da mai hawa mata soro. Wannan jerin sunayen a rubuta shi a Mayu. Yanzu a Satumba ake rubuta shi, ihu bayan hari.

Za a ce babu kuɗi. Ai ana kashe su, kowace shekara, a shinkafa da tabarmi da tantuna da sake gina azuzuwan da suka faɗi. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma Annabi Yusuf, alaihissalam, da aka nuna masa shekaru bakwai na fari, rumbu ya sa aka cika.

Mu ma da namu laifin, kada mu ɗora wa hukuma duka. Dokar hana leda tana nan tun 2014, amma leƙa kowace magudana ka gani. Matar gida ta share tsakar gida ta juye a lambatu, mai gini ya sauke yashi a bakin hanyar ruwa ya bar shi wata uku, mai kuɗi ya ɗaga ƙofar gidansa da siminti ya tura wa na ƙasa da shi. In ruwa ya zo kuma mu taru muna salati.

Ni dai na koma wurin tsohon maginin nan. Ya je ya duba ɗakin gwaggo, ya ce ba sai an rushe ba, za a iya yi masa zani na dutse a gindi, a cike bakin kududdufin da ke kusa da bango, a karkatar da indararon ya zuba titi. Ya yi alkawarin ranar Asabar. Dutsen muke tarawa yanzu, ni da jikokinta, kuma ya ce sai amalanke shida. Mun samu biyu. Duk mai amalanken jaki da ke kusa da Birni, ya taɓa ni ta saƙo mu yi ciniki.