Wanda ba zai iya jira ba, kada ya shigo mana Payday

Na so in bar maganar daren Asabar ta mutu a inda ta faru, amma tunda har an fara turo min saƙo ana cewa na cika zafi, wai don me zan cire yaro daga rukuni a kan wasa, to bari in faɗa a fili kowa ya ji. Na cire shi, ban yi nadama ba, kuma duk wanda ya sake yi mana irin wannan, ko ƙanin wane ne, hanyar da ya bi ita zai bi.

Ku da kuke kan layi kun ji komai da kunnenku. Sama da minti 40 muna cikin Big Bank, aikin fashin wani babban banki a wasan kwamfuta na Payday 2, muna sanɗa. Mun kashe kuɗi wajen tsara shiga tun kafin a fara, mun bi kwamfutocin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya har muka dace da wadda ake nema, mun tsaya makullin nan mai ƙidayar lokaci ya gama nasa, babu mahalukin da ya gan mu. Oba-oba 4 mun riga mun amsa. Ko jiya ka fara buga Payday 2 ka san ma'anar wannan: duk mai gadin da ka kayar sai ka amsa oba-obarsa ka yaudari na ɗakin tsaro, kuma sau 4 kacal yake yarda, ta biyar jiniya ce. Sau 3 na faɗa da bakina, kada wanda ya sake taɓa mai gadi. Aiki ɗaya tak aka ba shi, ya tsaya a lungu ya riƙa yi wa masu gadi alama don mu san inda suka nufa. Sai kawai muka ji mutum ya faɗi. Mai gadin bai gan shi ba, bai tare masa hanya ba, bayansa ma ya ba shi. Da yayansa ya tambaye shi me ya faru, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ai wasa ne, hannuna ne yake ƙaiƙayi."

Wannan kalmar ta "ai wasa ne" ita ta fi ƙona min rai, ta fi faɗuwar aikin gaba ɗaya. Wasa ne, na yarda. Amma lokacin mutum 3 da ka ƙona ba wasa ba ne. Ɗayanmu daga Kaduna yake shigowa, sai ya rufe shago ya ci abinci sannan ya zauna. Ɗaya yana Maraɗi, yana fama da netwok da ke yankewa duk lokacin da ta ga dama. Ni kuwa an ɗauke wuta tun la'asar, janareto na tayar, kuma kowa ya san abin da litar mai take ci a aljihu yanzu. Kafin mu haɗu mu huɗu a sa'a guda, kowa da wuta, kowa da data, kowa iyalinsa sun kwanta, sai mu yi mako muna sa rana ana ɗagawa. Wannan sa'ar amana ce muka ba juna. Kai ka shigo ka watsar da ita don yatsanka yana ƙaiƙayi, sannan ka ce a yi dariya.

Payday wasan amana ne, bindigar da ke ciki kayan aiki ce kawai. Wanda bai gane wannan ba bai gane wasan ba, ko da ya yi awa 1,000 a kansa. Tun na farko da kamfanin Overkill na ƙasar Suwidin ya fitar a 2011, mutum 4 aka gina shi a kai: Dallas, Chains, Hoxton da Wolf, ga Bain a kunne yana faɗa musu inda za su sa ƙafa. Da na biyu ya fito a watan Agustan 2013 aka koma birnin Washintan, ba a canza wannan ginshiƙin ba, ƙara masa ƙarfi aka yi. Ku duba yadda aka ƙera komai mana. Jakar zinare in ka goya ta sai ka koma tafiyar hawainiya, dole wani ya tsare maka baya. Injin huda ƙarfen nan da kowa yake tsine wa, da gangan aka sa shi yana maƙalewa, don dole wani ya bar maɓoyarsa ya je ya tayar da shi, wani kuma ya kare shi yana yi. Cloaker, ɗan sandan nan mai laɓewa, in ya fito daga lungu ya yi maka shuri ɗaya ka kwanta, duk ƙarfin sulkenka, kuma in ba wanda ya zo ya ɗaga ka, sai hannun 'yan sanda. Ɗan sandan da ake kira Taser in ya riƙe ka da lantarki, harsashin abokinka kake jira. In aka kama ka kuwa, sai 'yan'uwanka sun saki ɗaya daga cikin mutanen da suka ɗaure sannan a sako ka. Ko'ina ka juya a wasan nan, abu ɗaya yake nanata maka: rayuwarka tana hannun na kusa da kai.

Hatta kuɗin ma. Babu wanda ake ba kaso mai tsoka don shi ya fi kashe 'yan sanda. Jakar da ta shiga mota ta kowa ce, kuma in duk kuka fita da rai har ƙari ake yi muku. Kashi 80 cikin 100 na kuɗin ma asusun ƙetare yake tafiya, 20 ne kawai yake zuwa hannunka. To wace gasa kake yi, kuma da wa?

Wani ya rubuto min wai kowa da yadda yake jin daɗin wasansa, shi yaron harbi yake so, ba laifi ba ne. Wa ya ce harbi laifi ne? Ni da kaina rabin awannina a wasan nan cikin ruwan harsashi na yi su. Akwai ayyukan da babu sanɗa a cikinsu ko kaɗan, daga saukarka mota wuta ce har fita. Big Bank ɗin ma ana yin sa da ƙarfin tsiya, har a hau injin ɗaga kaya a sako ƙaton asusun nan mai siffar alade ya fasa rufin banki, kuma yana da daɗi matuƙa. Da tun a ɗaki ya buɗe baki ya ce, Yaya ni fa yau harbi nake ji, da sai mu sa sulke mai nauyi, mu ɗauko jakar harsashi da ta magani, mu shiga ta ƙofar gaba. Amma an zauna an yi shawara, ka ce ka amince, kowa ya shigo da kwat mara nauyi da ƙaramar bindiga mai salansa da na'urar toshe kyamara, sannan a tsakiyar aiki kai kaɗai ka sauya wa mutane shawara. Ka jefa mutum 3 gaban Bulldozer, ɗan sandan nan mai sulke mai kauri, da rigar da ko tsinke ba ta tarewa. Wannan saɓa alkawari ne, kada wanda ya kira min shi salon wasa.

Wani kuma ya ce ai da kuɗinsa ya sayi wasan. Madalla, Allah ya ƙara buɗi. Kuɗinsa sun saya masa wasan, ba su saya masa daren mutane ba. A cikin wasan akwai wurin bugawa kai kaɗai ba tare da intanet ba, kwamfuta ta ba ka 'yan rakiya waɗanda ba sa gajiya, ba sa fushi, ba sa sayen mai. Ya je can ya harbi duk mai gadin da ke Washintan, babu mai ce masa uffan.

Masu cewa sabon shiga ne a yi masa uzuri, ku ma kun san ba gaskiya kuke faɗa ba. Sabon shiga ina ɗaukarsa hannu bibbiyu. Wanda ya saki maɓalli yana tsakiyar amsa oba-oba jiniya ta tashi, wanda ya ruga gaban kyamara bai lura ba, wanda ya manta gawa a hanya bai sa ta a jaka ba, wanda ya jefa jakar kuɗi ta faɗa inda mai gadi zai gani, duk waɗannan mun sake aiki saboda su sau ba adadi, kuma ban taɓa ɗaga wa ɗayansu murya ba. Akwai yaron da muka yi dare 3 muna maimaita Jewelry Store, aikin fashin shagon kayan ado, da shi har ya iya ɗaure mutane ba tare da ya firgita ya harbe su ba, yau shi ne ya fi kowa natsuwa a cikinmu. Kuskure daban, ganganci daban. Mai kuskure yana cewa ku yi haƙuri. Wannan dariya ya yi.

Kuma ku tuna abin da ya biyo baya, don shi ne ya sa na yanke hukunci. Bayan jiniya ta tashi mun daure mun ci gaba, muka ce tunda an riga an jiƙe bari a yi wankan. Yayansa, wanda ya kawo shi cikinmu, ya faɗi a kan matakala yana kira. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Ya tsallake shi ya wuce yana bin wani ɗan sanda don ya ƙara yawan waɗanda ya kashe, har lokaci ya ƙare aka tafi da mutumin. A wasan da masu yin sa suka ware aiki guda sukutum don a je a ƙwato mutum ɗaya. Tsofaffin hannu sun san labarin: da Payday 2 ya fito, wani ne daban sanye da fuskar Hoxton, na asalin an ce yana kurkuku. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi sai an dawo musu da mutuminsu, har a watan Oktoban 2014 aka fitar da Hoxton Breakout, aka fasa bango aka fito da shi, aka raka motarsa cikin titi ana ɓarin wuta, wancan kuma aka sauya masa suna zuwa Houston. Dubban mutane sun yi shekara guda suna neman a ceto ɗan rukunin da ko rai ba shi da shi. Kai ga yayanka uwa ɗaya uba ɗaya a kwance, ka tsallake.

Na san akwai masu jiran in gama su ce, to dama me ake tsammani daga wasan ɓarayi. Ku ajiye wannan. Mu da muke zaune a inda fashi da garkuwa da mutane suka raba iyalai da barci, babu wanda zai koya mana bambancin allon kwamfuta da hanyar da ake tare mutane. Babu ɗayanmu da yake ganin ɗan fashi gwarzo ne. Wasan ma kansa in ka harbi farar hula sai ya yanke maka kuɗi, in aka kama ka kuma ka daɗe a tsare fiye da kowa. Abin da yake dawo da ni kullum shi ne wancan shirun da ake yi mutum 4 suna numfashi a makirfo, kowa ya riƙe kusurwarsa, kowa ya yarda na bayansa ba zai yi wauta ba. In jaka ta ƙarshe ta shiga mota ba tare da jiniya ta tashi ba, wallahi akwai wani sanyi da yake sauka a ƙirji wanda ban samu a wani wasa ba. Wannan sanyin aka sace mana daren Asabar, saura ƙiris mu kai gare shi.

Yayan nasa ya kira ni jiya da safe yana ba da haƙuri, na ce masa malam kai ba ka yi min komai ba, kujerarka tana nan. Shi ma yaron ƙofa ba a kulle take har abada ba. Ranar da ya shigo ya ce wa mutum 3 ɗin nan ku yafe ni na ɓata muku dare, ba tare da dariya ba, ni zan fara tura masa gayyata. Kafin nan a'a. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma na gaji da zubar da gari.

Masu tambaya ko wannan ne zai sa mu koma Payday 3, ban ga alaƙa ba, mai ƙaiƙayin hannu ko New York, birnin da sabon wasan yake, aka kai shi da hannunsa zai tafi. Kun dai tuna yadda ya fito a watan Satumban 2023 da ayyuka 8, dole sai da intanet ko kai kaɗai za ka buga, mutane suka yi kwanaki suna kallon allon neman abokan wasa har shugaban Starbreeze, kamfanin da ya yi wasan, ya fito ya ba da haƙuri. Sai a 2024 aka sa hanyar bugawa kai kaɗai, kuma an daɗe a Steam, dandalin da ake sayen wasannin kwamfuta, tsohon yana fin sabon jama'a. Amma akwai abu ɗaya da na yaba musu a sabon: kana iya yin nisa cikin aiki ba ka rufe fuska ba, in mai gadi ya gan ka a ofishin da bai kamata ba sai ya rako ka waje kawai, ba sai an kai ga jiniya ba. Wannan tunani ne mai kyau, na so a ce tsohon yana da shi. Ni dai kwamfutata fankarta har kuka take yi in na buɗe shi, na Maraɗi kuma ya ce tasa ko kusa. Muna nan a na 2013. Juma'a bayan isha'i aikin Shadow Raid za mu shiga, kujera ɗaya babu kowa, mai zuwa ya zo da makirfo mai aiki, don na ƙarshen da muka gwada ƙarar janaretonsa kawai muke ji.