Masanin halayyar yara a ofishin gwamnati

Mai nazarin halayyar yara yakan shafe shekara ashirin yana bibiyar yara kafin ya bugi ƙirji ya ce ga abin da ke aiki. Ɗan siyasa kuwa yana son ganin sakamako kafin zaɓe mai zuwa. A ganina, wannan saɓanin ne babban dalilin da ya sa ya kamata masanin ya zauna a teburin da ake tsara manufofin yara da matasa.

Dubi shirin Head Start da Amurka ta ƙaddamar a 1965 don 'ya'yan talakawa da ba su kai shiga firamare ba. A kwamitin da ya tsara shi akwai masana halayyar yara Edward Zigler na Jami'ar Yale da Urie Bronfenbrenner na Jami'ar Cornell. An fara da makonni takwas kacal, aka kwashi yara kusan rabin miliyan a tashi ɗaya, aka yi ta kururuta cewa shirin zai ƙara musu kaifin basira. Zigler bai yarda da wannan cika bakin ba, kuma da gaskiyarsa: makonni takwas ba sa goge shekaru huɗu na talauci. Da rahoton Westinghouse na 1969, wanda ya auna tasirin shirin, ya ce ribar da yaran suka samu tana dusashewa, sai masu adawa suka samu abin kamawa. A 1970 Zigler ya karɓi shugabancin ofishin kula da ci gaban yara na gwamnatin tarayya, ya kare shirin daga ciki.

Binciken Perry, gwajin wani shirin karatun share fage na daban da aka fara a 1962 a jihar Michigan da yara 123, wasu a cikin shirin wasu a wajensa, ya nuna inda gizo ke saƙa. Makin gwajin basirar yaran da ke cikin shirin ya dawo daidai da na sauran, amma da aka waiwaye su suna da shekara 40, waɗanda suka shiga shirin sun fi samun kuɗin shiga, kuma ba a kama su da laifi kamar takwarorinsu ba. Wane minista ne zai jira haka?

Masu cewa kujerar gwamnati tana mayar da malami ɗan amshin shata ba ƙarya suke yi ba, an sha gani. Sai dai jami'o'in ma suna da laifi. Wajen ƙarin girma muƙalu suke ƙirgawa, wanda ya tafi shekara biyu yana gyara dokar kare yara sai ya dawo ya tarar ƙannensa a aiki sun zama farfesoshi.